Babi na 6: Sauro, Birus da Dogaran Ƙwaƙwalwa

Darasi na 1: Kayan aiki da kalmomi

Ƴan uwa, barkanku da ƙoƙari. Kun riga kun iya rubuta kwanan wata, kun iya karanta lambobi har 100. Yanzu za mu kai wannan ilimi bakin shimfiɗar mai masassara. Kowa ya zo da kaye mai sauran fararen shafuka 2, da bik, da kara madaidaici na jan layi. Mai ma'aunin zafin jiki a gida ya zo da shi. Wanda ba shi da shi kada ya damu, za a yi karɓa-karɓa a aji.

Ku ɗora yatsa ƙarƙashin kowace gaɓa, ku karanta da ƙarfi sau 3:

sau-ro
bi-rus
ƙwa-ƙwal-wa
ga-nu-wa
do-ga-ri
mi-ki-ro-gi-li-ya

Ku dubi ƙ mai ƙugiya a cikin ƙwaƙwalwa. Sau biyu ta fito, kada a manta ƙugiyar ta biyu. Kalmar ƙarshe baƙuwa ce, ta masu binciken lafiya, sunan wasu ƙananan masu gadi ne da ke zaune cikin ƙwaƙwalwa. In harshe ya harɗe a kanta ba laifi, sannu ba ta hana zuwa. Mu a nan dogaran ƙwaƙwalwa za mu riƙa ce musu.

Darasi na 2: Ba kowace masassarar sauro ce maleriya ba

An gina jikin mutum da ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, yadda ake gina katanga da tubali. Kowane tubali ana kiransa ƙwayar halitta. Birus kuwa ƙwayar cuta ce da ta fi ƙwayar halitta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar mutum ko dabba, ya sa ta ta bar aikinta ta koma ƙera masa ƴaƴa.

A nan Damagaram, daga Yuli zuwa Oktoba, mafi yawan masassarar da ke kwantar da mutane maleriya ce. Abin da ke kawo maleriya ba birus ba ne, wata halitta ce dabam da ake iya gani a madubin likita, kuma tana da magani. Maganin maleriya ba ya kashe birus. Maganin ƙwayoyin cuta da ake kira antibiyotik, irin kafson da masu talla ke yawo da shi a kasuwa, shi ma ba ya kashe birus. Ku sake karanta waɗannan layuka biyu.

Sauron da ya dame mu iri uku ne, kuma macen ce kaɗai ke cizo. Anofel ke ɗauke da maleriya, da dare take cizo. Kuleks launin ƙasa gare ta, tana ƙwai a ruwan kwata da bakin salga da tabki, tana cizo daga magariba zuwa asuba. Ita ke ɗaukar birus ɗin Yammacin Nilu daga jinin tsuntsaye ta kai wa mutane da dawaki. An fara gano wannan birus a Yuganda a 1937. Ta uku ita ce Ayedes, baƙa mai fararen zane a ƙafafu. Da rana take cizo, musamman da hantsi da la'asar, kuma ruwa mai tsabta na randa da tano take so. Ita ke ɗauke da shawara, da dengi, da Zika. Akwai kuma masassarar Kwarin Rift, wadda ta ɓulla a jihar Tawa a 2016, wajen Cintabaraden. Sauro na yaɗa ta, amma mutane sun fi kamuwa ta taɓa jinin dabba marar lafiya.

A likita ana ɗiga jinin yatsa a ƴar farar roba, a jira minti 15 zuwa 20. Layi biyu, akwai maleriya. Layi ɗaya wajen harafin C, ba a ga maleriya ba. Wannan layi ɗaya bai ce mutum lafiya lau yake ba. Abin da ya ce kawai, masassarar daga wani abu take, kuma birus na cikin abin da ake tuhuma.

Darasi na 3: Ganuwa da dogarai

Dattawan Birni sun san ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye gari da ita, mai ƙofofi da masu tsaron ƙofa. Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa irin tata. Jijiyoyin jinin da ke ratsa ta, bangonsu a manne yake gam, babu tsaga. Sukari da iskar numfashi suna da hanyar shiga. Yawancin ƙwayoyin cuta a waje suke tsayawa, har da magunguna masu yawa.

A cikin wannan ganuwa akwai ƙwayoyin jijiya kusan miliyan dubu 86. Su ne ke aikin tunani, da magana, da ɗaga hannu, da tuna sunan ɗanka. Kowace tana miƙa zare zuwa ga ƴan uwanta, wurin da zare ya sadu da zare muna kiransa mahaɗa. Abin da kuka koya a wannan aji, a mahaɗa yake zaune.

A tsakaninsu dogarai ke zaune, wato mikirogiliya. Kusan ƙwaya ɗaya cikin goma ta ƙwaƙwalwa dogari ce. Wani masani ɗan Sipaniya mai suna Rio Hortega ne ya fara bayyana su a 1919. Suna shiga ƙwaƙwalwa tun ɗan tayi yana makonnin farko a ciki, su zauna nan har tsufa. Lokacin lafiya dogari yana da rassa siri-siri kamar saiwar gero, kullum yana miƙa su yana janyewa, yana laluben abin da ke kusa. In ya taɓa matacciyar ƙwaya ya haɗiye ta. In ya ga mahaɗar da ba a aiki da ita ya cire ta. Shi ne mai gadi, shi ne mai shara.

To, ga yadda birus ke isa gare su. Ku bi matakan da yatsa.

Sauro ta yi cizo, ta zuba miyaunta, birus yana ciki. Ya fara hayayyafa a fata, ya wuce kaluluwa, ya shiga jini. Wannan tafiya tana cin kwana 2 zuwa 14, mutum bai ji komai ba. Cikin mutum 10 da birus ɗin Yammacin Nilu ya shiga, 8 ba sa ma sanin ya shiga. Biyu su yi masassara, da ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi, su warke. Amma kusan mutum 1 cikin 150, birus yakan ƙetare ganuwa. Wani lokaci zafin faɗan da jiki ke yi ne ke sassauta bangon jijiyar jini. Wani lokaci birus ya ɓuya cikin farar ƙwayar jini ta shiga da shi, kamar ɓarawon da ya kwanta cikin kayan amalanke. Wani lokaci kuma ta zaren jijiya yake hawa. Tsofaffi da suka haura shekara 60, da masu ciwon sukari, da masu hawan jini, da masu ciwon ƙoda, su ne abin ya fi samu.

Da dogari ya ji baƙo, sai ya janye rassansa, ya kumbura ya zama dunƙule, ya rarrafa zuwa wurin. Dogarai su taru su kewaye ƙwayar jijiyar da ta kamu, su cinye ta da birus ɗin da ke cikinta. Suna kuma fitar da wani sinadari wanda yake kamar gangar yaƙi: yana kiran sojojin jini, fararen ƙwayoyi, su shigo daga waje. Wannan aiki ne na ceto. Masu bincike sun rage dogarai a kan ɓeraye sannan suka sa musu birus ɗin, ɓerayen suka fi mutuwa. Saboda haka kada wani ya fita ajin nan yana cewa dogarai ne cutar.

Sai dai yaƙi a cikin ɗaki ɓarna gare shi. Gangar na ta kaɗawa, ganuwa na ƙara buɗewa, ruwa da sojoji na shigowa, ƙwaƙwalwa ta kumbura. In ƙafa ta kumbura fata na ba ta wuri. Ƙoƙon kai ƙashi ne, ba ya ba da wuri. Matsin nan ke kawo ciwon kai mai tsanani, da barcin da ba a farkawa, da sambatu, da jijjiga. Cikin waɗanda birus ɗin Yammacin Nilu ya kai ga ƙwaƙwalwarsu ko lakarsu, kusan 1 cikin 10 yakan rasu.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan yaƙi. Jiki yana ɗiga alama a kan abin da yake so dogarai su share, yadda ake shafa wa ragon da aka saya fenti a kasuwar dabbobi. A 2016 masu bincike a birnin Sen Luwis na Amurka sun nuna, a jikin ɓeraye, cewa bayan birus ɗin ya tafi alamar na sauka a kan mahaɗa masu lafiya, dogarai su yi ta cire su a sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe sabon abu da sanin hanya. Ƙwayoyin jijiyar na nan da rai, mahaɗarsu ce ta ragu. Ɓerayen suka kasa koyon hanya. Wannan na taimaka mana mu gane mutumin da ya tashi daga ciwo amma yana manta inda ya ajiye hularsa.

Abu ɗaya za ku riƙe daga wannan dogon darasi: ƙetare ganuwa da tashin dogarai suna cin kwanaki. Masassara na iya sauka, sannan alamun kai su zo. A masassarar Kwarin Rift, ciwon ƙwaƙwalwa yakan bayyana mako 1 zuwa mako 4 bayan masassarar farko. Shi ya sa za mu yi takarda.

Darasi na 4: Takardar kwanaki

Tun ranar farko ta masassara a kai mutum likita a gwada jini. Takarda ba ta maye gurbin wannan. Aikinta daga baya yake.

Ku buɗe kaye wurin da fararen shafuka biyu ke kallon juna. Da kara da bik, ku ja layi 14 a kwance a shafin hagu, 14 a shafin dama. A kwance na nufin daga hagu zuwa dama, kamar igiyar shanya. A bakin kowane layi ku rubuta lamba: 1 zuwa 14 a hagu, 15 zuwa 28 a dama. Kowane layi rana ɗaya ce. Duka 28 ɗin za a cika. Ku rubuta lambobin duka yau, tun kafin kowa ya kwanta ciwo, don ido ya ga yawan aikin.

Yanzu ku ja layi a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, a sami gida 6 bayan lamba. A saman gidan farko ku rubuta Wata, na biyu Zafi, sauran huɗu haruffa: B, M, W, J.

Gidan Wata na kwanan wata ne. Rana ake fara rubutawa, sai sanda a karkace, sai lambar wata. 12/8 na nufin 12 ga Agusta. Layi na 1 ranar da jiki ya fara zafi ce. Wasu suna rubuta ranar da aka je likita, kuskure ne. In zafi ya fara Talata aka je likita Laraba, Talata ce 1.

Gidan Zafi: a goge hamata ta bushe, a danna maɓallin ma'auni, a sa bakinsa mai ƙarfe tsakiyar hamata, a matse hannu da jiki har ya yi ƙara. Za ku ga lamba biyu, da ɗigo ko waƙafi, da wata lamba. 38,5 ba ɗari uku da tamanin da biyar ba ne. Talatin da takwas da rabi ne. Daga 37,5 zuwa sama, a hamata, masassara ce. Marar ma'auni ya taɓa goshi da bayan hannu, ya rubuta Z in da zafi, S in jiki ya yi sanyi daidai.

B barci ne. Ku kira sunansa, ku taɓa kafaɗa. Ya buɗe ido ya dube ku? In sai an jijjiga shi, ko ya buɗe ya koma nan take, akwai matsala.

M magana ce. Ku tambaye shi: “Baba, wace unguwa muke?” “Inna, wane ne wannan?” kuna nuna jikanta. Kada ku yi tambayar da ake amsawa da i ko a'a, don mai ruɗewa ma yana gyaɗa kai. Yaron da bai fara magana ba, a duba ko yana kama nono, ko yana bin uwarsa da ido.

W wuya ne. Yana kwance rigingine, ya kai haɓa ƙirji. In wuya ya ƙi, ko ya yi ƙara don zafi, akwai matsala. Jariri a duba maɗigarsa lokacin da ba ya kuka, ko ta kumburo.

J jijjiga ce, ko rawar hannu, ko jiki ya saki. Ya ɗaga hannu biyu tare, ya taka ƙasa da ƙafa biyu. A duba ko ɗaya ya fi ɗaya nauyi.

In lafiya, a zana ƙwai, O. In da matsala, a zana X. Daga layi 1 zuwa 14 ana dubawa sau biyu, bayan sallar asuba da bayan magariba, alama biyu a gida ɗaya. Daga 15 zuwa 28 sau ɗaya ya isa.

Ga wurin da kusan kowa ke faɗuwa. Rana ta 4 ko ta 5 zafi ya sauka, marar lafiya ya sha kunu, ya zauna a zaure, gida ya yi hamdala, aka rufe kaye. Kada a rufe. Zafi ya sauka, a ci gaba da rubutu. Ku faɗa da baki, duka aji: zafi ya sauka, a ci gaba da rubutu. Ku rubuta shi a saman shafin hagu. Ku sake rubuta shi a saman shafin dama.

Me ya sa? Ku koma darasi na 3. Ma'auni zafin jiki kawai yake gani, bai san abin da dogarai ke yi cikin ƙoƙon kai ba. Gidan Zafi na iya nuna 37 ranar da gidan M zai sami X ɗinsa na farko. In kaye na rufe ranar, wa zai tambayi Baba unguwar da yake?

Aiki na farko. Masassara ta fara 12/8. Agusta kwana 31 gare shi. Ku cika gidan Wata har layi na 28. In kun yi daidai, layi na 20 zai zama 31/8, layi na 28 zai zama 8/9. Wanda ya ɓata ya goge ya sake, babu kunya a ciki.

Aiki na biyu. A layi na 5 ma'auni ya nuna 36,8. Me za a yi gobe bayan asuba? A duba B, M, W, J, a cika layi na 6. Jibi fa? Layi na 7. In marar lafiya ya ce “Ku bar ni, na warke” fa? A ce “Alhamdu lillahi, Baba, ɗan kai haɓa ƙirji mu gani”, a cika layin.

Aiki na uku. Mai riƙe da kaye zai tafi kasuwar Mirya, sai gobe. Wa zai cika? Tun yau a koya wa mutum na biyu a gida, ko yaron da ke zuwa lakwal. O da X ba su fi ƙarfin kowa ba.

Haba ƴan uwa, sau nawa za a faɗa? Ana kawo mana kaye a duba, layi huɗu a cike tsaf da kyakkyawan rubutu, ashirin da huɗu fari fat. Wannan ba rashin iyawa ba ne, tunda huɗun farko sun yi kyau. Sakaci ne. Minti uku ne da asuba, uku da magariba. Kuna ƙirga kwanakin adashi ba ku taɓa tsallake ɗaya ba, kuna ƙirga kwanan azumi, amma kwanakin mahaifinku sun gagara? Wanda ya kawo kaye mai layi huɗu zai sake daga farko. Zafi ya sauka, a ci gaba da rubutu, har layi na 28.

Darasi na 5: In X ya fito

X ɗaya ya isa. Ba a jiran na biyu, ba a jiran gari ya waye, ba a jiran mai gida ya dawo daga gona. A ɗauki marar lafiya da kaye a tafi likita mafi kusa. In sun ga abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku babban asibitin Zinder.

Mutum ya fara sambatu bayan masassara, sai a ce iska ce ta taɓa shi, a kwana biyu ana hayaƙi. A yi addu'a a hanya, amma a tafi. A ƙasarmu, masassara da ruɗewa sun fi zama maleriyar da ta hau kai, ko sanƙarau, wanda ya fi yawa lokacin hunturu da bazara. Duka biyun suna da allura, kuma awa ɗaya tana da daraja a kansu. A gida ba mai iya bambanta su da birus, alamunsu ɗaya ne. Lokotoro zai gwada jini, wani lokaci ya ɗebi ɗan ruwa a gadon baya da allura. Ku yarda a ɗiba. Ruwan nan shi ke zagaye ƙwaƙwalwa, a cikinsa ake ganin irin faɗan da ake yi, kuma jiki yana mayar da shi da kansa. In birus ɗin sauro ne, babu maganin da ke kashe shi kai tsaye, amma asibiti na tsayar da jijjiga, su sa ruwa, su kula da numfashi har faɗan ya lafa.

Tambayar farko da za a yi muku ita ce yaushe ya fara. Ku miƙa kaye.

In jijjiga ta kama shi: a kwantar da shi ta gefe, a janye murhu da kwanuka, a sa zane mai laushi ƙarƙashin kai. Kada a sa cokali ko yatsa a baki. Kada a ɗura ruwa, ko rubutu, ko magani, zai shaƙe. Kada a danne shi. A dubi agogo. In ta wuce minti 5 kada a jira ta tsaya, a ɗauke shi haka nan.

Don zafi da ciwon kai, parasetamol kaɗai. Babba ya sha ƙwaya 1 ko 2 mai lamba 500, tsakani awa 6, kada a wuce ƙwaya 6 a yini da kwana sai in lokotoro ya ce. Na yaro da nauyinsa ake aunawa, a tambayi ma'aikacin lafiya. Ban da asfirin, ban da ibuprofen, don in dengi ce suna iya jawo zubar jini.

Darasi na 6: Bayan an dawo gida

Wanda ciwo ya taɓa ƙwaƙwalwarsa yakan yi watanni da gajiya, da mantuwa, da saurin fushi. Wani ya fita masallacin unguwa ya rasa hanyar gida. Ba hauka ba ne, ba kuma raini ba ne. Mahaɗa ce ta ragu. A riƙa gaya masa abu ɗaya-ɗaya, a ajiye butarsa da takalmansa wuri ɗaya kullum, a raka shi in zai fita. Yaro ɗan makaranta a gaya wa malaminsa, kada a buge shi don ya manta karatu. A duba ko yana jin kira ta kunne biyu. A koma likita ranar da suka rubuta.

In an sallame shi kafin kwana 28, kun san abin yi. A ci gaba da rubutu.

Darasi na 7: Randa, tano da sange

Ƙarancin ruwa a Damagaram ya sa kowane gida na ajiya, kuma a nan Ayedes ke haihuwa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne, don haka sau ɗaya a mako, ku zaɓi Juma'a: a juye ruwan cikin wani mazubi ta zane mai tsabta, a goge bangon randa ta ciki da soso. Zubarwa kaɗai ba ta isa ba. Ƙwan yana manne a bango sama da bakin ruwa, yana jure fari wata da watanni. A rufe randa da tano da bido ruf. A kife gwangwani, a huda tsohuwar taya, a cike ramin dutsen da ke tara ruwan sama da yashi.

Sabon sange a shanya shi a inuwa yini da kwana kafin a kwana ciki. A cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. A wanke shi da sabulu a hankali, a shanya a inuwa. Mai barcin rana, jariri ko tsoho, shi ma a sa shi ciki.

Darasi na 8: Mai ciki da dabbobi

Zika na iya shiga ƙwaƙwalwar ɗan tayi, a haifi jariri da ƙaramin kai, kamar yadda aka gani a Burazil a 2015. Mai ciki ta je awo, ta kwana a sange, in ta yi masassara da ƙuraje ta gaya wa ungozoma. Jariri ya karɓi allurar shawara a wata 9. In tumaki ko awaki suna ɓari da yawa lokaci ɗaya, kada a taɓa da hannu tsirara, a sanar da malamin dabbobi. A tafasa madara kafin a sha.